Yadda Mai Gyaran Waya da Rediyo Zai Kare Ƙirjinsa Daga Hayaƙin Lid

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara PZ a Zariya, ko ya leƙa rumfunan masu gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, ya san warin nan. Ba ɗoyi ba ne, wasu ma cewa suke ƙamshi gare shi, kamar an jefa ƙaro a garwashi. Da an ɗora bakin ayan, wato ƙarfen liƙi mai zafi, a kan lid, siririn ƙarfen da ake narkawa a yi liƙi da shi, sai wani siririn farin hayaƙi ya tashi, kuma duk inda ka karkata kai sai ya biyo fuskarka kamar yana bin ka bashi. Ba aljani ke koro shi ba. Ɗumin jikinka ne ke ɗaga iskar da ke gaban ƙirjinka zuwa sama, hayaƙin kuwa ya bi ayari har cikin hanci.

Ina yaron shago a wani lungu a Tudun Wada na fara shaƙarsa. Ranar da maigidana ya ga idona ya yi ja ina ta atishawa, sai ya ce, "Kai yaro, hayaƙin dalma ne. In ka koma gida ka sha madarar gwangwani, za ta wanke." Allah ya jiƙansa, ya koya mini sana'a da zuciya ɗaya, amma a wannan maganar ya yi kuskure biyu. Hayaƙin ba na dalma ba ne, madara kuma ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba. Masu walda da masu fentin mota su ma sun riƙe maganar madarar nan kam, a bar su su sha don daɗinta.

Ka fara sanin abin da kake gudu

Ɗauki reza ka yanke guntun lid, ka duba bakin yankan a haske. Za ka ga wani ɗan rami a tsakiya cike da abu ruwan zuma. Ƙarfen da ke kewaye gamin kuza ne da dalma. Shi ya sa ake rubuta 60/40 ko 63/37 a jikin naɗin, wato kason kuza sannan na dalma. Mai 63/37 yana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salsiyas. Ita kuwa dalma ba ta tafasa ta zama tururi sai zafi ya kai wajen digiri 1,750, alhali ayan ɗinka bai fi 350 zuwa 450 ba. Ka ga ke nan abin da ke tashi ba ita ba ce.

Abin nan ruwan zuma shi ne mai hayaƙin. Sunansa rozin, ƙaro ne da ake samu daga itacen fayin, kuma shi ne tushen yawancin fes, wato man liƙin da muke lakata a gwangwani. Aikinsa cinye tsatsar da ke kan ƙarfe don lid ya kama. In ya ji wuta sai ya farfashe, ya zama ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, haɗe da iskoki masu yaji irin su fomaldihayid. Likitocin ƙirji sun daɗe da sanin cewa hayaƙin rozin yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata asma, wadda muke kira fuka. A Ingila har doka ta ƙayyade shi: kada ya wuce miligiram 0.05 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, a aikin awa 8. Mutumin da ya kifa kai a kan allon da ke cikin waya a shagon da aka rufe yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba.

To ina dalmar take shiga? Ta baki. Tana maƙalewa a yatsu, a ƙarƙashin farce, a kan tebur, daga nan ta bi goro ko gyaɗa ta wuce. Saboda haka ƙofa biyu ce za ka tsare, kuma kowace da irin sakatarta: hanci don rozin, baki don dalma. Wanda ya gane wannan ba zai sha wahalar sauran bayanin ba.

Mataki na farko: inda za ka ajiye tebur

Kafin ka sayi komai, kunna turaren tsinke ka kafa shi daidai inda kake ɗora allo, ka zauna kamar kana aiki, ka kalli inda hayaƙinsa ya nufa. In ya miƙe zuwa fuskarka, ko ya tsaya yana lilo a saman tebur, wurin bai yi ba. Abin da ake so shi ne iska ta ratsa ta gefe, ta shigo ta hannun dama ta fice ta hagu, ko akasin haka. Kada ka ba iska baya. Mutane suna zaton fanka a bayansu tana kore hayaƙi gaba, amma jikinka yana tare iskar, sai ta yi juyi a gaban ƙirji ta dawo da shi sama. Fankar sama kuwa gauraya shi kawai take yi, kowa a shagon ya sami rabonsa.

Ka maimaita gwajin in yanayi ya juya, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Tagar da ke fitar da hayaƙi a Agusta tana iya zama mai shigo da shi a Janairu. Hunturun nan ma shi ne lokaci mafi muni ga masu sana'armu a Zariya: ƙura ta sa an rufe ƙofa, sanyi ya sa an toshe taga da kwali, mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa da ayan a kunne, ga maƙogwaro dama ya bushe. Ko yaya ne a bar kafa biyu a buɗe, ta shiga da ta fita.

Mataki na biyu: haɗa mazuƙin hayaƙi

A nan zan daɗe, don shi ne ya fi komai amfani, kuma rabin kayansa suna cikin kwandon tarkacenka.

Nemi fankar kwamfuta mai bolt 12, irin wadda ake cirowa daga mataccen akwatin wutar kwamfutar tebur. Mai faɗin milimita 120 ta fi mai 80 jan iska, kuma ta fi ta shiru. Sai ƙaramin bokitin fenti na roba da murfinsa, bututun roba mai inci 4 irin na masu aikin famfo ko tiyo mai lanƙwasuwa, gam, salatif mai ƙarfi, makunni, da adafta mai bolt 12 ko ƙaramin batir mai 7Ah. Irin wannan fanka wajen rubu'in amfiya take ci, don haka batirin zai riƙe ta yini guda cur ko an ɗauke wuta.

Da farko gano ta ina fankar ke fitar da iska. Kusan kullum ta gefen da aka manna takarda ne, inda sandunan da ke riƙe da injin suke. Wasu ma akwai 'yar kibiya a jikinsu. In mai waya uku ce, ja shi ne mai wuta, baƙi na ƙasa, rawaya kuwa na ƙidayar juyi ne, naɗe shi ka ƙyale. Haɗa ta da batir ka sa hannu ka tabbatar, kada ka gama aiki ka tarar ka ƙera abin da ke feso maka hayaƙi a ido. Na taɓa yi.

Yanke rami a murfin bokitin daidai da'irar fankar, ka ɗaure ta da kusoshi huɗu ta ciki, yadda za ta zuƙo daga waje ta tura cikin bokitin. A gindin bokitin ka yanke rami daidai bakin bututu, ka zura, ka toshe duk wata kafa da gam da salatif. Ka kwantar da bokitin a kan tebur, bakinsa yana kallon inda kake liƙi, bututun kuma ya fita ta taga ko ta ramin bulo. Kada tsawonsa ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma kada ya yi gwiwa fiye da ɗaya, domin fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin turi. In dole sai ya yi tsawo, ƙara wata fankar a bakin fita. Bakin waje ka karkata shi ƙasa saboda ruwan sama, ka ɗaura masa guntun raga, in ba haka ba wata rana za ka ji fanka ta tsaya, ka buɗe ka tarar da ƙadangare. Ka kuma duba inda kake zubar da hayaƙin. In bututunka ya leƙa kan teburin maƙwabci ko kan mai tuyar awara, ba ka yi gyara ba, ka sauya wa matsalar mazauni ne.

Yanzu ga abin da kusan kowa ke kuskurewa: nisa. Kunna kyandir ka hure shi daga kamu guda, zai mutu. To gwada kashe shi da zuƙa daga nan inda kake. Ko motsi ba zai yi ba. Haka fanka take. Hurawarta tana zuwa nesa, zuƙarta kuwa a bakinta take ƙarewa. Da ka matsa nisan faɗin bakin mazuƙin sau ɗaya, ƙarfin jan ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma. Don haka kada wurin liƙin ya fi santimita 10 zuwa 15 daga bakinsa, wato bai kai ɗani ɗaya ba. Dawo da turaren tsinkenka ka gwada: in hayaƙin ya lanƙwasa ya shige, ka dace, in ya miƙe sama, matso da bokitin.

Akwai na kanti da ake sayarwa, fanka ce da baƙin soso a gabanta, ba bututu. Soson gawayin yana rage wari, amma yawancin ɓurɓushin suna ratsa shi su koma ɗaki. Hancinka zai ce an gyara, huhunka bai shaida ba. Wanda ke kama ɓurɓushi da gaske shi ne matacin da ake rubuta wa HEPA, mai tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ta kai ƙanƙantar maikiron 0.3, kuma yana da tsada, yana son fanka mai ƙarfi. A wurinmu fitar da hayaƙin waje ya fi sauƙi, ya fi arha.

Bayan wata ɗaya ka buɗe bokitin ka shafa fikafikan fankar. Za ka ji wani danƙo ruwan ƙasa yana kama yatsa. Ranar da na nuna wa yaron shagona, shiru ya yi, can ya ce, "Oga, da duk wannan cikinmu zai shiga?" Tun daga ranar ban sake tuna masa ya kunna ta ba. A goge danƙon lokaci-lokaci, don yana rage mata gudu.

Mataki na uku: rage wutar ayan

Yawan zafi, yawan hayaƙi. In ayan ɗinka mai ma'auni ne, digiri 320 zuwa 350 ya ishi lid mai dalma, marar dalma kuma 350 zuwa 380. Masu murɗa shi zuwa ƙarshe wai don aiki ya yi sauri, fes ɗinsu yana ƙonewa kafin ya yi aikinsa, bakin ayan ya yi baƙi, sai su ƙara lakato fes, hayaƙi ya ninka. In liƙi ya ƙi kamawa a kan babban ƙarfe, faffaɗan baki ake sawa, ba ƙarin wuta ba.

Ayan mai arha na wat 40 ko 60, wanda ba shi da ma'auni, shi zafi kawai yake ta yi in an bar shi a kunne. Alamar ya wuce kima ita ce lid ya yi tartsatsi da an taɓa, hayaƙi ya tashi fuu lokaci ɗaya, bakin ya dushe nan da nan. Tsohuwar dabarar masu rediyo ita ce a saka diyod 1N4007 a kan layin wutarsa, a haɗa makunni a gefensa. In makunnin yana buɗe, wuta ta bi ta diyod, ƙarfinta ya ragu da rabi, ayan ya zauna da ɗumi. In za ka yi liƙi ka danna, ya dawo cikakke. Amma wannan wutar gida ce mai bolt 230, sai a cikin akwatin roba a rufe. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya bar wa na gaba da shi. In ba ka da ko ɗaya, zare shi daga soket tsakanin aiki da aiki.

Mataki na huɗu: yadda hannu zai yi

Goge wurin da za a liƙa tukuna. Ƙarfe mai tsabta fes kaɗan yake so. Lakato shi da tsinke ka ɗiga a wurin, kada ka tsoma bakin ayan cikin gwangwani. Wannan ɗabi'ar ita ce ta fi kowace tayar da hayaƙi a shagunanmu, kuma ba ta da wani amfani. Don goge bakin, jiƙaƙƙen soso ko curin zaren tagulla ya wadatar.

Ɗora ayan ya taɓa ƙafar abin da kuma idon allon tare, ƙirga ɗaya, sannan ka kawo lid ta ɗaya gefen, ya narke a kan ƙarfen ba a kan ayan ba. Daƙiƙa biyu zuwa uku an gama. Janye lid, sannan ayan. Ga aikin waya da ƙananan alluna, siririn lid mai milimita 0.5 zuwa 0.8 ya fi, don ba ka narka abin da ya wuce buƙata. Kanka kuma ya kasance a baya, ba a saman aikin ba. Yawancin masu kifa fuska rashin gani ne ke sa su. Ƙara fitila, sayi gilashin ƙara girma mai tsayawa da ƙafarsa, za ka ga wuyanka ma ya huta. Ni na saba da fitar da numfashi a hankali daidai lokacin da lid ke narkewa. Dabara ce ƙarama, ba ta maye gurbin fanka.

Wasu suna jin an ce dalma guba ce sai su koma lid marar dalma, su ɗauka sun tsira. Tun Yulin 2006 Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki, shi ya sa allunan wayoyin yanzu da marar dalma aka liƙa su. Sanannensa, mai kuza 96.5 da azurfa 3 da jan ƙarfe 0.5, sai wajen digiri 217 yake narkewa. Ƙarin zafi ke nan, da fes mai ƙarfi, da ƙarin hayaƙi. Ta fuskar baki an samu sauƙi, ta fuskar hanci kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi kuma ruwan liƙin masu gyaran lagireto, mai asid da sinadarin zin, kada ya kusanci allo: yana cin layukan, hayaƙinsa yana ƙona maƙogwaro.

Kada ka feɗe wayar wuta da bakin ayan ko da ashana. Rigar yawancin wayoyin wuta robar PVC ce, in ta ƙone tana fitar da iskar haidirojin kulorayid, wadda ke zama asid da ta haɗu da danshin ido da hanci. Irinta ce masu ƙona wayoyi a bola don cire jan ƙarfe ke shaƙa. Siririyar wayar jamfa da ta naɗin taransifoma, fentin da ke jikin wasunsu yana fitar da aisosayanet, shi ma mai jawo fuka. Kankare shi da reza, in kuwa sai an ƙona, a bakin mazuƙi. Wurin da aka taɓa ɗiga sufa gulu, kankare shi kafin wuta ta je, in ba haka ba idonka zai ba da labari.

Bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, ta fi ayan ɓarna, domin ba wuri ɗaya take gasawa ba. Cire batir kafin ka kunna ta, rufe robobin da ke kusa da salatif mai jure zafi, kuma ka juya bakinta ya fuskanci mazuƙi, tunda iskarta tana iya fin ƙarfin jan fankar.

Mataki na biyar: ruwan wanki

Abin da ya dace da allo shi ne sifirit ɗin da ake rubuta IPA a kwalbarsa, mai kashi 99. Zuba kaɗan a ƙaramar kwalba mai tsukakken baki, babbar ta zauna a rufe nesa da ayan, don yana kama wuta ko a sanyin hunturu. Tina da fetur da wasu ke wanke allo da su saboda arha, ban yarda da su ba. Tina tana ɗauke da toluwin, mai sa jiri da ciwon kai, fetur kuma akwai benzin a ciki, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Kuma kada a busar da jiƙaƙƙen allo da bulowa. Minti biyu a iska ya isa.

Ɗaliban injiniya na Samaru da na kwalejin Nuhu Bamalli, masu fitar da layukan allo da sinadari don aikin kammala karatu: a tsakar gida ake yi, ba a ɗakin kwana ba. Ferik kulorayid ya fi sauƙin sha'ani. Haɗin asid da haidirojin feroksayid yana iya fitar da iskar kulorin, kuma duk asid ɗin da ya gamu da bilicin wanki ita zai fitar. Ragowar ruwan a ɗura a jarka a rubuta suna, ba a kwalbar lemo ba.

Mataki na shida: tsare baki

A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Likitocin ƙungiyar MSF suka bi diddigi, aka tarar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Dalmar shagon gyara ba ta kama ƙafar waccan ba wajen yawa, amma hanyar ɗaya ce: ƙura, ƙasa, hannu, baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi.

Saboda haka: kada ka riƙe lid da haƙori. Na san hannu biyu ne, ɗaya da ayan ɗaya da waya, amma ɗan maƙalin nan mai baki kamar na kada don haka aka yi shi. Kada a ci komai a kan teburin aiki, ko goro, ko rake, ko gyaɗa. Asuwaki da kofin shayi su sami wani wurin. Kafin cin abinci a wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Haka ma kafin alwala, domin da hannun nan za ka kai ruwa baki ka kurkure. Ajiye guntun sabulu kusa da buta. In an tashi, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kaɗe, a yayyafa ruwa kafin shara, 'yan ƙwallayen lid da na cikin famfon tsotse lid a tara su a gwangwani mai murfi. Rigar aiki ta kwana a shago. Mai yin abin a gida don sha'awa kuma, ban da ɗakin da yaro ke rarrafe, ban da kan tabarma ko kafet, don ƙwallayen suna shigewa su ɓuya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Warin da ke cewa tashi tsaye

Ƙarnin kifi a shago alhali ba wanda ya ci kifi: ko kafasita ta fashe, ko wani soket yana gasuwa. Kashe wuta, bi da hanci, taɓa soket-soket da bayan hannu.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai kusa da batirin inbata ko na sola: caji ya yi masa yawa, yana fitar da haidirojin salfayid, tare da haidirojin mai fashewa. Kashe cajar daga bango tukuna, kada ka cizge waya daga kan batir don tartsatsi, buɗe ko'ina, fita. In warin ya ɗauke da kansa kada ka saki jiki, iskar nan in ta yi yawa kashe jin wari take yi.

Wani zaƙi-zaƙi kamar na maganin goge farce daga waya ko fawa bank: batirin litiyam ya huje. Kai shi waje, ɗora a kan siminti ko cikin bokitin yashi. Kumburarren batir ba a ɓamɓare shi da ƙarfe. Ɗigon IPA a ƙarƙashinsa da katin roba sun isa. In ya kama hayaƙi, kowa ya fice, don akwai haidirojin fulorayid a ciki.

Sai wanda ba shi da wari sam, kuma ya fi su saurin kisa: kabon monoksayid na janareta. Ƙaramin janaretan da ake turawa ƙarƙashin tebur ko bakin ƙofa saboda ɓarayi, da garwashin da wasu ke gasa ayan a kai in babu wuta, duka suna fitar da shi. Janareta ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa ta kalli waje. In mutum biyu a shago suka kama ciwon kai da tashin zuciya lokaci ɗaya, a fita iska kafin a nemi farasitamol.

Takunkumin yadi da na asibiti irin na zamanin korona ba sa tare ko ɗaya daga cikin waɗannan. N95 in ya zauna daram a fuska yana tare ɓurɓushi, amma tururin tina da fetur ratsa shi suke. Su sai mai gwangwanin gawayi a gefe. Mai gemu kuma ya sani iska tana bi ta gefen.

In ƙirji ya riga ya fara magana

Nawa da atishawa ya fara, da ruwan hanci da ƙaiƙayin ido. Daga baya tari ya zo, kuma abin mamaki ba a shago yake kama ni ba, sai tsakar dare, ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fito. Na sha maganin mura har na gaji, na ɗora wa ƙurar hunturu laifi. Wata babbar salla muka yi mako guda a ƙauye, a kwana na huɗu uwargida ta ce, "Malam, ka lura tun da muka zo ba ka yi tarin nan ba?" Kwana biyu da komawa shago ya dawo.

Wannan ita ce babbar alama: sauƙi in an huta, tsanani in an koma aiki, kuma sau da yawa sa'o'i bayan an tashi. Jikin da ya riga ya tsani rozin ba ya mantawa, ɗan kaɗan ma yana tayar da shi, kuma ci gaba da shaƙa yana iya mayar da fukar ta dindindin. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranakun aiki da na hutu da yadda ka kwana, na mako biyu zuwa huɗu. Je da shi babban asibiti, irin asibitin koyarwa na Shika, ka nemi ganin likitan ƙirji. Akwai gwajin da ake hura iska a na'ura a auna ƙarfin huhu, akwai kuma ƙaramin ma'aunin da za a iya ba ka ka riƙa hurawa a gida da shago. Tarin da ya wuce mako biyu a haɗa da gwajin tibi. Wanda ya shekara da shekaru yana cin goro da hannun lid, ko yake aikin a cikin gida, ya tambayi gwajin dalma a jini, nasa da na yaran. In kuwa numfashi ya sarƙe har magana ta gagara, ko leɓe ya canza launi, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Kuma in likita ya tambayi sana'arka, kada ka tsaya a "gyaran waya". Ce masa kana narka lid mai rozin awa kaza a rana, a ɗaki mai taga kaza, ka sa naɗin lid ɗin da gwangwanin fes a leda ka ajiye masa a kan tebur ya karanta abin da ke jikinsu.